Kada a sayar da gona saboda kwantaragin gwaji

Wani ɗan'uwa da ke tuƙin mota a Houston ya rubuto mini game da ɗan yayansa, yaron da ya taso a wani ƙauye kusa da Ringim, tsawonsa ya kai shi karatu a Amurka yana buga ƙwallon kwando. Ya gama jami'a, ba a zaɓe shi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba, amma wata ƙungiya ta kira shi sansanin horo. Wani mai kiran kansa wakilin 'yan wasa ya nemi a ba shi kuɗi tun yanzu, mahaifin yaron kuma yana shirin sayar da gonar fadama. Tambayarsa: a bari ko a hana?

Malam, a hana. Ka kira Yaya a daren nan.

Wakili na gaskiya ba ya karɓar kuɗin shiga gaba. Sai ƙungiyar 'yan wasan NBA, wato NBPA, ta tantance shi, kuma ladansa bai wuce kashi 4 cikin 100 na albashin da ya samo wa yaron ba. Ku nemi sunansa a jerin wakilan da aka tantance. In babu shi a ciki, magana ta ƙare.

Sai takardar kwantaragin kanta, domin a gida duk wanda ya ji NBA miliyoyi yake gani. Ƙungiyoyi 30 ne, zaɓen sababbin 'yan wasa kuma zagaye biyu ne, kusan mutum 60 a shekara. Waɗanda aka ɗauka a zagayen farko su ne masu gata: shekara biyu tabbas za a biya su, sai wasu biyu da ƙungiya ke da zaɓin ƙarawa. A zagayen farkon ne ƙungiyar nan garin da kake ta ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriya, a 1984. Ɗanku ba ta wannan ƙofar ya shigo ba. Wanda aka kira sansani ba tare da zaɓe ba, galibi kwantaragin gwaji ake ba shi, na shekara ɗaya kan mafi ƙarancin albashi, ba tare da lamuni ba. Adadin da ke jikin takardar ya haura dala miliyan ɗaya, amma suna iya sallamarsa a watan Oktoba bai taɓa ko sisi daga ciki ba. Ƙungiya kan tara har mutum 21 a sansani, ta rage zuwa 15 kafin a fara gasa, da gurbi uku na masu kai-komo tsakaninta da ƙaramar gasar G League. Samun ɗaya daga gurabun ukun nan shi ne burin da ya kamata ya sa a gaba. In bai samu ba, ya zauna kwana 60 da ƙaramar ƙungiyarsu, akwai ɗan tukuici, na dubban daloli. Daga ciki za a cire haraji. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya fi damuna ma biza ce, kuma ba ka ambace ta ba. Bizar ɗalibi, F-1, ba ta ba shi damar karɓar albashin wasa. Ƙungiya ce za ta nema masa P-1, wadda ke ɗaure da aikin, ranar da aka sallame shi zamansa ya shiga matsala. Kafin ya sa hannu, lauyan shige da fice ya ga takardar, lauyanku, ba na wakilin ba. Ku kuma duba ranar haihuwarsa a fasfo da takardar haihuwa da shaidar makaranta. Yaran ƙauye da yawa da rantsuwar kotu aka yi musu shekaru, saɓani kaɗan yana iya tsayar da komai.

In Amurka ba ta yiwu ba, akwai gasannin Turai, akwai BAL, gasar ƙwallon kwando ta Afirka, da aka fara a Kigali a 2021, kuma 'yan wasa na cin abinci a can.

Batun gida kuwa, kai ne baffa, kai za ka tare masa. Ka gaya wa Yaya da dattawan unguwa cewa gwaji aka kira shi, kada a yi wa kowa alkawarin rijiyar burtsatse ko rufin masallaci da sunansa. In albashi ya fara shiga, ya yanke abin da zai riƙa turo wa iyayensa duk wata, ta hannun mutum ɗaya. Gonar kuma a noma ta bana.