Tambayoyinku: Ma'adanar Laftof Ta Mutu, Yaya Ake Canza Ta a Ɗora Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof HP ProBook 640 G1 da na saya ta hannu. Kwanan nan ta soma nauyi, tana wata ƙara ƙaf-ƙaf daga ciki. Yanzu in na kunna sai ta rubuta Boot Device Not Found da lamba 3F0. Mai gyara ya ce ma'adanarta ce ta mutu. Zan iya canzawa da kaina? Kuma aikin digirina yana ciki. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, Malam, ka daina kunna ta. Saƙon 3F0 shi kaɗai ba hujja ba ne cewa ma'adana ta mutu, don wani lokaci bakinta ne ya saki daga mazauninsa, ko an taɓa saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe. Amma ƙarar da ka ambata ita ce abin tsoro. Tsohuwar ma'adana, wato HDD, faifai ne a ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke karanta shi. Ƙaf-ƙaf ɗin nan allurar ce take neman hanya ta kasa samu, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya kartar faifan, ta tafi da aikin naka. Kada ka yarda kowa ya yi mata fomatin da sunan gwaji.

Abin da za ka saya SSD ce, wato ma'adana ta zamani, ba wata HDD ba. SSD ba ta da abin da ke motsi a ciki, ba ta jin girgizar jaka ko ta babur, kuma irin ta SATA tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, alhali tsohuwar da ƙyar take wuce 100. A ganina zuba kuɗi a HDD yau asara ce, sai dai don ajiyar bidiyo. Kwamfutarka SSD mai faɗin inci 2.5 take ɗauka, mai bakin SATA. Ka faɗi haka ƙarara a shago, don akwai wata siririya mai suna M.2, tsawonta kamar yatsa, wadda ba za ta shiga wannan gurbin ba. Gigabait 256 ya ishi ɗalibi, in da hali 512 ya fi kwanciyar hankali. A Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja za ka tarar da sabuwa da ta hannu. In ta hannu ce, a jona ta a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ka ga lafiyarta da yawan awannin da ta yi tana aiki. Wadda arharta ta yi yawa kuma ba ka taɓa jin sunan kamfanin ba, bar musu kayansu.

Canjin kansa ba wuya, musamman a wannan samfurin. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. Ka kife ta, ka zame murfin ƙasa. Za ka ga ma'adanar cikin wani ƙaramin firam da aka ɗaure da noti. Kwance su da ƙaramar sukudireba, ka ja ta gefe a hankali ta fita daga bakinta, kada ka ɗaga ta sama da ƙarfi. Cire firam ɗin ka ɗaura wa sabuwar, ka mayar yadda ka tarar. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, notin kuma ka zuba su a murfin kwalba, don in ɗaya ya faɗa ƙasa sai dai haƙuri.

Tsohuwar kuwa, ka sayi kes na SATA mai wayar USB, ka saka ta ciki, ka jona a wata kwamfuta. In ta buɗe, fara kwashe aikin digirin tukuna, hotuna da waƙoƙi su jira. In ta nemi lambar BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle ma'adana da shi, lamba ce mai alƙaluma 48, sau da yawa tana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya saita kwamfutar.

Tambaya: Na sa sabuwar SSD amma babu komai a kanta. Masu shago sun ce in biya su ɗora min Windows tare da kirak. Babu wata hanya? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Akwai, Malama, kuma ta fi tasu tsafta. Ki nemi filash mai gigabait 8 ko fiye, wadda babu abin da kike so a kanta, don za a goge ta tas. A wata kwamfuta mai aiki, ki shiga shafin Microsoft ki sauke Media Creation Tool, ita za ta sauko da Windows ta shirya filash ɗin. Abin ya haura gigabait 4, saboda haka ki tanadi data. Wasu sun fi son manhajar Rufus wajen shirya filash ɗin, ita ma kyauta ce.

Ki cika batir kafin ki fara, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Soka filash ɗin, ki kunna kwamfutar kina ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ki zaɓi sunan filash ɗin. In an tambaye ki lambar lasisi, danna I don't have a product key. Wajen zaɓen inda za a ɗora, sabuwar SSD za ta fito da sunan Unallocated Space, ki zaɓe ta ki wuce, Windows za ta yanka ta da kanta. In ta sake kunna kanta a karon farko, zare filash ɗin don kada ta koma farko.

Maganar kirak kuma, wato manhajar da ke kunna Windows ba da halastaccen lasisi ba, yawancin mutane ba sa buƙatarsa. Tun zamanin Windows 8, wato 2012, kamfanoni suke dasa lambar lasisi a cikin babban allon kwamfutar, wato motherboard, ba a ma'adana ba. Haka nan in kwamfutar ta taɓa samun halastacciyar Windows 10 ko 11, Microsoft ta riga ta san ta. Da kin hau intanet za ta kunna lasisin da kanta, muddin nau'in da kika ɗora shi ne na da, Home a kan Home, Pro a kan Pro. Kirak ɗin shago kuwa sau da yawa sai an kashe garkuwar kwamfuta, wato antivirus, kafin ya shiga, kuma ba ki san me ya shigo da shi ba, ga shi a nan kike buɗe asusun banki.

Tambaya: Windows 10 ko 11, wacce zan ɗora?

Amsa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka in kwamfutarka ta cika sharuɗɗa, 11 za ka ɗora. Sharuɗɗan su ne RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64, na'urar tsaro ta cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa, wato processor, na Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. ProBook ɗin ɗalibinmu na Zariya ƙarni na 4 ce, ba ta kai ba. Rufus tana iya tsallake sharuɗɗan, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Wanda aikinsa rubutu ne da shiga intanet, ya gwada Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows: kyauta ce, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe fayilolin Word da Excel, kuma ana iya tayar da ita daga filash a jarraba Wi-Fi da sauti kafin a ɗora ta a SSD.