Tambaya da Amsa: Tsakanin "hope" da "wish" a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Agege, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. A wata wasiƙa da aka ba mu aikin gida na rubuta wa yayata cewa "I wish you will come to Lagos for Sallah", sai malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "wish". Ina kuskuren yake, alhali fata nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi daidai, kuma na san inda kuskuren ya samo asali. Mun saba jin "I wish you success", shi ya sa muka ɗauka cewa "wish" fata ce a ko'ina. Haka take idan suna ne ya biyo bayanta, amma da zarar cikakkiyar jimla ta biyo, sai ta koma abin da muke cewa "ina ma" ko "da ma", wato burin abin da mai magana ya san ba haka yake ba. Zuwan yayarki kuwa abu ne mai yiwuwa, don haka "hope" ce ta dace da shi.

Ki dubi mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, wanda ruwan sama ya jiƙa masa kwanduna saboda a fili yake baje kaya. Idan ya ce "I wish I had a shop", nufinsa ina ma yana da shago yau ɗin nan. Kalmar "had" a nan ba jiya take nunawa ba. Turanci yana mayar da aikatau baya mataki ɗaya ne domin ya nuna cewa maganar ta saɓa wa zahiri, kuma a ganina wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin darasin. Haka ma "I wish I were in Kano". Za ki ji mutane suna cewa "was" a hira, amma a takardar jarrabawa ina ba ki shawarar "were".

Idan abin ya riga ya wuce, wato da-na-sani, sai a ƙara mataki na biyu. Wanda cunkoso ya riƙe a gadar Third Mainland har lokacin ganawarsa ya wuce zai ce "I wish I had left earlier", da ma na fito da wuri. In nadamar ta yi tsanani, "if only" tana shiga gurbin "I wish". Akwai kuma "would", wadda ake sawa idan an ƙosa da abin da ba a da iko a kansa, kamar "I wish the rain would stop".

Saboda haka ki gyara wasiƙarki ta zama "I hope you will come to Lagos for Sallah". Idan kuwa yayar taki ta riga ta sanar da ke cewa bana ba za ta samu zuwa ba, to sai ki rubuta mata "I wish you were coming".