Tambaya da Amsa: Soyayyen Dankalin Leda, na Wace Ƙasa Ya Fi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka zo mana daga Kebbi da Zamfara a wannan karon sun taru a kan abu guda, wato soyayyen dankalin Turawan nan falan-falan da ake sayarwa a leda, wanda yara ke kira cips. Maganarmu a kan mai gishiri zalla ce, ban da mai yaji ko mai albasa. Shi dankali ne kawai da mai da gishiri, don haka in akwai aibi a ɗaya daga cikin ukun nan, harshe zai ji shi nan take.

Daga wata Hajiya a Gusau: Na dawo Umara da cips na Saudiyya, ɗana ya aiko da na Ingila, maƙwabciyata kuma ta ba ni na Masar. A gida kowa da wanda yake cewa ya fi daɗi. Yaya ake gwada su a gane gaskiya?

Hajiya, barka da dawowa, Allah ya karɓi ibada. Kafin ki buɗe ko leda ɗaya, juya bayan kowacce ki duba ranar da wa'adinta zai ƙare. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin cips mai ne, mai kuwa yana tsufa. Ledar da ta yi watanni a hanya, ta kwana a sito, ta sha zafin bazara a kan kanta, ba za ta yi daidai da wadda aka soya makon jiya ba. Sau da yawa abin da mutane ke cewa "ɗanɗanon ƙasa kaza" tsufan mai ne kurum. Ki gwada waɗanda wa'adinsu ya yi kusa da juna. A lura, Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, Turawan Ingila kuwa rana kafin wata.

Sannan wanda ba ya cikin masu ɗanɗanawa ya zuba kowanne a faranti iri ɗaya, ya manna lamba a ƙasan farantin, ya ɓoye ledojin. Wanda ya san na Ingila ne a gabansa, zuciyarsa ta riga harshensa yanke hukunci. Kada a wuce iri biyar a zama ɗaya, domin gishiri na dakusar da harshe. A ajiye ruwa mara sanyi sosai, a kurkure baki tsakanin faranti da faranti, a ɗan jira kamar minti ɗaya. Ban da lemo, ban da shayi, ban da goro.

Hanci ne farko. Sabon cips yana ƙamshin soyayyen dankali. In kika ji wari kamar na tsohon fenti ko na kwali, man ya juya, a cire shi daga gwajin. Sai ido: launin ya kasance ruwan zinare mai haske, ba baƙi-baƙi a gefe ba. Sai kunne da haƙori. Mai kyau yana karyewa ƙaras sau ɗaya ya ruguje, wanda ya sha iska kuwa sai ya ɗan lanƙwasa kafin ya karye. Kada a raina kunne: a 2004 masu bincike a Jami'ar Oksfod sun sa wa mutane abin sauraro suka ƙara musu ƙarar taunar, sai mutanen suka ce cips ɗin ya fi sabunta, alhali iri ɗaya ne. Daga ƙarshe a haɗiye a saurara. Shin maiƙo ya kwanta a ganɗa? Akwai maƙaƙi a maƙogwaro? Garɗin dankalin ya zauna, ko gishiri ne kaɗai ya rage?

Don auna maiƙo, a jera guda biyar-biyar na kowane iri a kan farar takarda, a bar su minti 20, a ɗaga takardar a haske. Kowa ya rubuta makinsa daga 1 zuwa 5 ba tare da ya faɗa wa na kusa ba, kuma a sauya jerin farantan ga kowane mutum, saboda na farko kullum ya fi jin gishiri. In damina ce, a gama cikin rabin awa, don danshi ba ya jira. Da hunturu kuwa babu gaggawa.

Daga wani mai shago a Birnin Kebbi: Masu saye na ce mini ko da suna ɗaya ne a jikin leda, na wata ƙasa ya bambanta da na wata. Gaskiya ne, ko zato ne?

Alhaji, gaskiya suka faɗa maka. Kamfanin PepsiCo ne mai Lay's, shi ne kuma mai Walkers na Ingila tun 1989, da Chipsy na Masar, da Simba na Afirka ta Kudu. Amma kowace masana'anta da dankalin da manomanta ke kawowa, da man da ke samuwa a yankinta, da bakin mutanenta. Jerin kayan haɗi da ke bayan leda ya fi sunan da ke gabanta gaya maka abin da za ka ji.

Mai ne babba. A Ingila an fi amfani da man sanfulawa da man kanola (mayukan da ake tatsa daga ƙwayoyin wasu tsirrai), waɗanda ba su da nauyi a baki, shi ya sa Walkers mai jar leda, wanda aka fara yi a garin Lesta a 1948, yake barin ɗanɗanon dankalin ya fito. Na Amurka kan haɗa da man masara. A ƙasashe masu zafi da yawa ana soyawa da farin man da ake tacewa daga manja, domin yana jure zafi, ba ya saurin juyawa, amma yana ɗan kwanciya a ganɗa. Wannan ba aibi ba ne ga kayan da za su zauna a shago a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu. A Sifen akwai masu soyawa da man zaitun, yankan na da ɗan kauri, kuma ƙamshin man na tafiya kafaɗa da kafaɗa da dankalin. A Japan, inda kamfanin Calbee ya fito da mai ɗan gishiri a 1975, ana haɗawa da man dusar shinkafa. Wannan abin dubawa ne ga jihar da injinan casar shinkafa ke fitar da dusa kullum, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi.

Sai irin dankalin. Masana'antu ba sa sayen na miya. Suna da irinsu mai yawan gari, mai ƙarancin ruwa da sukari, kamar Atlantic a Amurka da Lady Rosetta a Turai.

Akwai kuma salon suya. Na yau da kullum ana yanka shi kamar milimita 1.3 zuwa 1.5, a wanke garin jikinsa, ya ratsa mai mai zafin kusan digiri 180 cikin minti biyu zuwa uku. Wanda suke kira suyar tukunya kuwa ana zuba shi ne kashi-kashi, zafin man ya sauka, suyar ta daɗe, ya fito da tauri, a nannaɗe. Haɗa waɗannan biyu a gwaji ɗaya kamar haɗa kilishi da tsire ne a ce wanne ya fi laushi. A namu ganin, in an daidaita sabunta, na Sifen mai man zaitun ya fi cika baki, na Ingila ya fi daidaito, na Japan ya fi sauƙi a harshe. Kai kuma a matsayinka na mai shago, abin da ke hannunka shi ne ajiya: ka kawar da kwalayen daga rana da kwanon rufi, ka fara sayar da wanda ya riga zuwa, ka kuma duba lambar NAFDAC.

Daga wani ɗalibi a Kaura Namoda: Leda ta cika fam, da na buɗe rabi iska ce. Ba cuta ba ce?

A'a, ɗan'uwa. Iskar naitirojin ce ake hurawa a kori iskar da muke shaƙa, wadda ita ke juya mai. Naitirojin ɗin kuma tana zama kamar matashin kai, kada kayan su zama gari a cikin mota. Nauyin da aka rubuta shi ka saya, ba girman leda ba. Wadda za ka guje wa ita ce wadda ta sace ta lafe, don tana da huji.

Daga wata malamar makaranta a Zuru: Na cikin gwangwanin nan mai tsawo, Pringles, me ya sa duk siffarsu ɗaya?

Malama, domin ba yankan dankali ba ne. Kwaɓi ne na garin busasshen dankali da garin masara da na shinkafa da sitacin alkama, ake murzawa, a yanka da ma'auni, a soya a kan lanƙwasasshen ƙarfe. A shari'ar haraji da aka yi a Ingila a 2008 da 2009 an bayyana cewa dankalin ciki kusan kashi 42 cikin 100 ne. A gwada shi da 'yan'uwansa na gwangwani. Mai gudun alkama kuma ya kiyaye.

Daga wani dattijo a Talata Mafara: Ina da hawan jini, jikokina kuma na ba ni. Wanne ne mai ƙarancin gishiri?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Harshe ba abin dogaro ba ne a nan. Gishirin cips a saman yake, kuma gari ne lilis, yana narkewa da ya taɓa yawu, don haka mai laushin gishiri kan fi jin zau ko da awonsu ɗaya da mai tsakuwa. Rubutun "gishirin teku" ma ba ya nufin ya fi sauƙi ga jini. A sa ɗaya daga cikin jikokin ya karanta bayan leda. Na Turai suna rubuta gishirin da ke cikin giram 100, galibi giram 1 zuwa 1.5. Na Amurka kuwa sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, suke rubutawa a kan giram 28, sai a ninka shi sau biyu da rabi a samu gishiri. Misali, miligiram 170 na sodiyam ya zama miligiram 425 na gishiri, wato kusan giram 1.5 a giram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a wuni, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma miya da dunƙulen magi sun riga sun cinye yawancinsa. Ɗanɗanawa kaɗan daban, zama da babbar leda daban. Likitan da ke duba ku shi zai faɗi iyakar da ta dace da ku.

Daga wata mai sana'a a Jega: Ina so in riƙa yin nawa ina sayarwa, amma kullum sai ya yi ja ya yi ɗaci, washegari kuma ya saki. Ina kuskuren?

Ƙanwata, matsaloli biyu ne, kowacce da dalilinta. Ja da ɗaci daga sukari suke. Dankalin da ya daɗe a firiji, ko ya tsufa ya fara tsiro, garinsa na komawa sukari, sukari kuwa na ƙonewa kafin ruwan ya gama fita. Bayan ɗaci, suyar da ta yi duhu na ƙara wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumomin abinci ke gargaɗin a rage. Dankalinmu daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos da Mangu, kuma ba kowane iri ne na cips ba. Ki gwada shi: narka gishiri giram 120 a ruwa lita ɗaya, ki jefa wankakken dankali. Wanda ya nutse shi ne mai gari, na suya. Wanda ya taso a kai shi miya. Ki sayi na kwana uku ko huɗu kawai, ki ajiye a inuwa mai iska. Duk inda ya yi kore a yanke a zubar.

Ki yanka da abin yankan da ke ba da kauri ɗaya, kamar milimita ɗaya da rabi. Da wuƙa wani zai ƙone, wani bai soyu ba. Ki wanke sau uku har ruwan ya daina fari, ki jiƙa minti 20. In har yanzu yana ja, ki tsoma shi a ruwan zafi minti ɗaya ko biyu don ya rage sukarin saman. Sai ki shanya a kan tsabtataccen ƙyalle har ya tsane sarai.

Mai lita biyu, dankali cikin hannu ɗaya a kowace zuba, zafi digiri 170 zuwa 175. In babu ma'auni, jefa yanki ɗaya: ya taso nan da nan yana kumfa ba tare da man ya yi hayaƙi ba. Cika kasko shi ke saukar da zafi, dankalin ya sha mai. Sakin da kike gani kuwa ruwa ne da ya rage a ciki. Cips na gaskiya ruwansa bai kai kashi 2 cikin 100 ba, alamar kuma ita ce kumfar ta kwanta, man ya yi shiru. Kada ki kwashe kafin nan.

Man gyaɗa ya dace, kuma garɗinsa abu ne da na waje ba su da shi. Sai dai na masu ƙuli-ƙuli a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, in ba haka ba zai yi kumfa ya yi ƙauri. Kilo ɗaya na dankali zai ba ki kamar giram 250 zuwa 300. Gishirinsa giram 3 zuwa 4, a daka shi a turmi ya zama gari, a barbaɗa yana da zafi don ya kama, amma nesa da kasko, domin gishiri na lalata mai. Ki bar shi ya huce gaba ɗaya kafin ki ƙulla, in ba haka ba tururi zai koma masa. Leda mai kauri, a liƙe bakinta da wuta, a kiyaye ta daga rana. Da yake ba ki da naitirojin, ki riƙa yin wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki.

In dankalin Hausa za ki gwada, ya fi sukari, don haka ki sauke wutar zuwa digiri 150 ko 160, ki kwashe shi yana da ɗan taushi-taushi bayan kumfar ta kwanta. A matsami zai ƙarasa yin ƙaras.