Ƙanena, kafin ka sake sayen irin kuloba ka gwada ƙasar tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da ya same ni ke nan a 2021. Ka ce ka shuka kuloba, wani ɗan tsiro dangin wake da barewa ke son ci, eka ɗaya a watan Afrilu don jawo barewa filinka, kulobar ta ɗan tsiro nan da can, ganyen ya yi rawaya, ciyawa ta taso ta shanye ta, yanzu kana neman yadda za ka gyara ƙasar ka sake shuka. To kada ka sake sayen ko cokali ɗaya na iri sai ka san tsamin ƙasar nan.

Nawa filin yana tsakiyar jihar Fensilbaniya a Amurka, eka ɗaya da rabi a bakin daji, wani dattijo ne ya ba ni haya. Ba ni da tarakta, sai aka haɗa ni da wani mai yi wa mutane aikin gona. Ranar da muka fara haɗuwa na yi masa maganar gwajin ƙasa, don na ji ana faɗa. Ya yi dariya, ya ce shekara talatin yana noma a kwarin nan, da ido yake gane ƙasa. Ni baƙo, shi ɗan gari, sai na ji nauyin musu da shi. Ya zuba taki irin wanda ake ba masara, ya watsa irin, sannan ya bi ta kai da haro. Ina tsaye ina kallo, zuciyata tana gaya mini iri ƙanana haka ba a binne su, amma na yi shiru. Na ƙirga masa kuɗinsa cif, kuɗin aikin dare ne na wata guda, har na ƙara masa na mai.

Abin da ya tsiro bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A watan Yuni ciyawa ta kai gwiwa. Na kira shi, ya ce abu mai sauƙi ne, zai zo ya yi feshi. Ya zo ba na nan. Ranar Asabar na ɗauki yarana biyu da sassafe, tafiyar awa biyu, tun a mota ina ba su labarin yadda kakansu yake bin sawun gada a dajin garinmu, ina ce musu yau za su ga inda barewa ke kiwo. Muna isa na ga ɗan abin da ya rage duk ya nannaɗe, kara ya murɗe, ganye ya kwanta. Ciyawar kuwa tana nan kore shar. Na sami galan ɗin maganin a gefen shinge, 2,4-D ne, maganin da ke kashe tsiro masu faɗin ganye ya bar ciyawa, wato ainihin abin da na shuka ya kashe. Ƙaramin ya ce, Baba ina barewar? Na rasa amsa. Na zauna a bayan mota, idona ya cika. Na kira mutumin sau bakwai bai ɗauka ba. Da ya ɗauka bayan kwana uku sai ya ce irin da na sayo ne ba shi da kyau. Ko kalmar haƙuri ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba. Har yau in na wuce gidansa sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Bayan nan ne na je ofishin malaman gona na gundumar, na sayi ambulan gwaji na jami'ar Penn State, kuɗinsa bai kai na man zuwa gonar sau ɗaya ba. Ana ɗibar ƙasa wuri goma zuwa goma sha biyar, zurfin inci 6, a cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, a shanya, a ɗebi kofi ɗaya a aika. Ka rubuta musu cewa kuloba za ka shuka, don da haka suke lissafa maka. Sakamakona ya fito, ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, 5.2, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa haka tsamin ke ƙaruwa. Ita kuwa kuloba tana son 6.5, ƙasa da 6 wahala take sha. Kuma kowace lamba ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ce ta tsami, ba ɗan bambanci ba ne. A ƙasa mai tsami haka, ko buhu nawa na taki ka zuba saiwar ba ta iya jan sa yadda ya kamata. Ƙasar dajin gabashin Amurka yawancinta haka take, musamman inda aka sare itatuwa.

Maganin tsamin shi ne garin farar ƙasa na gona, layim. Ni tan 2 a kowace eka suka rubuta mini. Tan ɗaya buhu 50 ne na fam 40, a kafaɗa na yi ta jidarsu daga titi, don babbar mota ba ta shiga wurin. In mota tana isa filinka, ka sayi na sari, ya fi araha nesa ba kusa ba. Kuma layim ba ya aiki yau-yau, sai ya yi watanni yana ratsa ƙasa, shi ya sa ake zuba shi da wuri a cakuɗa shi da haro.

Abin da ya fi ba ni takaici, rabin ilimin nan muna da shi tun daga gida. Wa ya taɓa ganin an ba gyaɗa ko wake yuriya? Sufa ake ba su. Kuloba danginsu ce, in ka tumɓuke ta za ka ga ƙananan ƙuraje a saiwa, da su take samar wa kanta abin da yuriya ke bayarwa. In ka zuba yuriya ko kamfa, ciyawa ka ciyar. Ka nemi buhun da lambar farko sifili ce, kamar 0-20-20, gwargwadon abin da takardar gwajin ta ce. Ka duba kuma irin da za ka saya an shafa masa ƙwayoyin halitta masu sa saiwa ta fitar da ƙurajen nan, ana rubutawa a jikin buhu, kada ka bar shi a mota cikin zafin rana.

Afrilu ma ba na ba ka shawara, lokacin ne ciyawa take da ƙarfi. Yanzu ka fesa glyphosate, maganin da ke kashe ciyawa da sauran tsiro gaba ɗaya, ka jira sati biyu, ka zuba layim, ka yi haro sama-sama. Ka bari sabuwar ciyawa ta tsiro ka sake kashe ta. Tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, in an ce ruwa na zuwa, ka fara watsa alkama kamar fam 50 a eka, ka danne ƙasar sosai har in ka taka sawunka ya fito kaɗan kawai. Sannan ka watsa farar kuloba, irin da ake kira ladino, fam 5 zuwa 6 a eka, ka sake dannewa. Ba binnewa. Irin nan kamar na alayyafo yake, in ya wuce kwatan inci a ƙasa ya tafi. Ni da busasshen yashi nake cakuɗa shi kamar yadda mahaifiyata take yi wa riɗi, don kada ya ƙare a rabin fili. Dannewar kuwa da tayoyin motata na yi, gaba da baya, har magariba. Barewa za ta ci alkamar a kakar nan, kulobar tana ƙasa tana kafa saiwa. Inda ya yi sanƙo, ƙarshen Fabrairu ko Maris ka watsa iri a kai, ƙasa tana daskarewa da dare tana narkewa da rana, ita za ta ja shi ciki da kanta.

Ka duba rana ma. Fili da bai samun awa 4 zuwa 6 ba zai yi ba, ni sai da na roƙi dattijon ya bar ni na sare rassa ta kudu. Ka kafa ɗan kejin waya a tsakiya don ka gane ko ƙasa ce ta ƙi ko barewa ce ke cinyewa. In ciyawa ta dawo, clethodim ne nata. Na masu faɗin ganye 2,4-DB ne, da B a ƙarshe, shi yana barin kuloba, ba kamar 2,4-D ba. Don Allah ka karanta galan da idonka kafin kowa ya zuba a tanki. Sannan kowace jiha da dokarta, mu a nan shuka halal ce a doka, amma zuba masara ko gishiri ka yi harbi a kai laifi ne a yawancin jihar.

A kakar 2023 na sami barewa ta farko a filin, na yi bismillah na harba, babban ɗana yana gefena. Mun raba naman gida shida, har da dattijon. Mahaifina bai rayu ya ji labarin ba, Allah ya jiƙansa.

In takardar gwajinka ta fito ka ɗauki hotonta ka turo mini, mu karanta tare. Injin watsa iri na hannu yana nan a gareji, ba na amfani da shi sai Maris.