Yadda jikin kaza yake karɓar allurar rigakafin murar tsuntsaye

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon kajin ƙwai kimanin 800 a wajen garin Kano. A hunturun bara maƙwabcina ya sa aka yi wa kajinsa allurar da aka ce ta murar tsuntsaye ce, amma bayan kwana tara suka fara zubewa, bai tsira da ko rabinsu ba. Yanzu ni ma an kawo mini tallan irin wannan allura. Shin yaya jikin kaza yake karɓar wannan rigakafi, kuma me ya sa bai hana nasa mutuwa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Rabin amsar tambayarka yana cikin kwana taran nan da ka ambata. Allurar da aka fi yi wa kaji a ƙasashen da suke rigakafin wannan cuta ita ce wadda ake kashe ƙwayar bairos ɗin, sannan a dama ta da wani mai har ta yi fari kamar madara. Ana kama kaza ɗaya bayan ɗaya a tsira mata a ƙarƙashin fatar bayan wuya ko a tsokar ƙirji, yawanci rabin mililita ga wadda ta girma. Man yana riƙe matacciyar ƙwayar a inda aka tsira, yana sakin ta sannu a hankali, domin jiki ya sami lokacin gane ta da ƙera sinadaran garkuwa waɗanda za su kama ta idan mai rai ta shigo. Waɗannan sinadarai ba sa bayyana sosai a jini sai bayan mako biyu, kuma ba sa kai wa ƙarfinsu sai a mako na uku zuwa na huɗu. Saboda haka kazar da aka yi wa allura kwana tara da suka wuce kusan ɗaya take da wadda ba a taɓa ba. Akwai ma abin da ba a cika son faɗa ba, wato masu yin allurar da suke fita daga wannan gona su shiga waccan da takalmi ɗaya da sirinji ɗaya, sau da yawa su ne suke kawo cutar da aka kira su su hana.

Sai kuma maganar dacewa. A bayan ƙwayar murar tsuntsaye akwai wasu 'yan ƙayoyi iri biyu da ake yi wa laƙabi da H da N, kuma daga gare su ake samun sunaye irin su H5N1 da H9N2. A jikin tsuntsayen daji an san H iri 16 da N iri 9, amma H5 da H7 ne suke rikiɗa su zama masu kisan ƙare-dangi. Garkuwar da allura take haifarwa tana bin H ne, wadda da ita ƙwayar take manne wa jikin kaza. Ke nan allurar H9 ba za ta tsare kaza daga H5 ba, ko da an rubuta murar tsuntsaye a jikin kwalbar da manyan baƙaƙe. Ko a cikin H5 ɗin ma ƙwayar tana canza kama da tafiyar shekaru. Masar ta fara rigakafi a 2006, ba a daɗe ba aka sami wani reshe na H5N1 da ya kauce wa allurorin da ake amfani da su, kuma har yau cutar ba ta bar ƙasar ba.

Ita kanta kazar tana da nata hannu a ciki. A saman duburar kowane ɗan tsako akwai wata 'yar jaka wadda a cikinta ne ƙwayoyin da suke ƙera sinadaran garkuwa suke nuna. Wannan jaka ita cutar Gumboro take ci, shi ya sa garken da Gumboro ta taɓa bugawa yana ƙarami yakan karɓi kowane rigakafi da rauni daga baya, ko da a ido ya warke sarai. Haka nan masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a ɗakin ajiya mai laima yana ɗauke da guba mai danne garkuwa, kuma mai gona yakan ga raguwar ƙwai kawai, bai san cewa kuɗin allurarsa ma sun bi ruwa ba. Ɗan tsakon da uwarsa ta sami rigakafi yana zuwa da garkuwarta ta cikin gwaiduwa, wadda takan tsare shi mako biyu zuwa uku, amma idan aka yi masa allurar matacciyar ƙwaya a wannan tsakani garkuwar uwar takan kame ta kafin jikinsa ya koyi wani abu. Domin rage wannan matsala aka ƙirƙiro wani nau'i da ake ɗora H5 a kan wata ƙwaya marar lahani ta talotalo, a yi wa tsako tun ranar ƙyanƙyasa, sai dai shi ma yana ɗaukar makonni kafin ya kankama. Kajin nama da ake sayarwa a mako shida zuwa takwas kusan rabin rayuwarsu yake ƙarewa kafin garkuwa ta tsaya, su kuwa masu ƙwai irin naka allura ɗaya ba ta isar su, sai an maimaita bayan 'yan makonni, a kuma riƙa sabuntawa muddin suna saka.

Ba a gane kazar da ta karɓi rigakafi da kallo. Jini ake ɗiba a jijiyar fiffike daga kaji kamar ashirin ko talatin, mako uku ko huɗu bayan allura. A ɗakin gwaji ana tace ruwan jinin, a zuba shi a wani faranti mai 'yan ramuka 96, ana sirka shi rabi-rabi daga rami zuwa rami, sannan a sa ƙwayar cutar, a ƙarshe a ɗiga jajayen ƙwayoyin jinin kaza. Inda babu garkuwa, ƙwayar cutar tana sarƙe jinin ya bazu a ƙasan ramin kamar tabarma. Inda akwai garkuwa, jinin yana taruwa a tsakiya ya zama ɗan ɗigo ja, idan aka karkata farantin ya gangaro kamar hawaye. Ma'aunin da masana suka fi aiki da shi shi ne, idan ɗigon ya ci gaba da fitowa har sirkin kashi ɗaya cikin 32 ana sa ran kazar ba za ta mutu ba, amma sai an kai wajen kashi ɗaya cikin 128 ake sa ran za ta rage fitar da ƙwayar sosai.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce abin da ya fi damun likitocin dabbobi. Kazar da take da matsakaiciyar garkuwa tana iya kamuwa ba tare da zankonta ya yi shuɗi ko fuskarta ta kumbura ba, tana cin abincinta tana saka ƙwanta, alhali tana zubar da ƙwayar a majina da kashi. Mai gona ya ɗauka lafiya lau, ya sayar da tsofaffin kaji a kasuwa, ya ba manoman rani taki, kiret-kiret ɗin ƙwai su zaga gari su dawo, cutar kuma ta faɗa kan kajin gida da zabin da ba su da wata kariya. Wannan ne dalilin da ya sa inda ake rigakafi bisa ƙa'ida ake barin wasu kaji kaɗan a cikin garke ba tare da allura ba, a yi musu alama a ƙafa, domin idan cuta ta shigo su ne za su fara nunawa. Inda aka haɗa allura da irin wannan sa ido an ga amfani ƙwarai. Sin ta fara yi wa kajinta allurar da ta haɗa H5 da H7 a 2017, kuma bayan haka mutanen da suke kamuwa da H7N9 suka ragu matuƙa. Faransa ma da ta fara yi wa agwagi a watan Oktoba na 2023 ta haɗa shi da gwaji a kai a kai.

A Najeriya, tun da aka tabbatar da H5N1 a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, wanda shi ne karo na farko a Afirka, kuma cikin watan aka same ta a Magariya ta Nijar, matsayin da gwamnatin tarayya ta daɗe a kai shi ne a kai rahoto, a hallaka garken da ya kamu, a wanke wurin, ba tare da amincewa da rigakafi ba. Ke nan kwalbar da aka kawo maka talla ba ta biyo ta hannun hukuma ba, babu wanda ya gwada ko ta dace da ƙwayar da take yawo a nan, babu kuma wanda zai rantse cewa ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 daga inda ta fito har ƙofar gonarka, ga shi daskarewa ma tana ɓata ta kamar yadda rana take yi. A ganina kada ka saya. Kuɗin ka sa su a raga mai hana tsuntsaye shiga, da ruwan magani na tsoma ƙafa a bakin kowane ɗaki, da takalman da ba sa fita daga gona, ka kuma hana dillalai da kiret ɗinsu wuce bakin ƙofa, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da tsuntsayen ƙaura suke sauka a fadamun Hadeja da Nguru. Idan ka wayi gari ka ga gawa ta wuce yadda ka saba, kada ka yanke hukunci da ido, domin cutar Newcastle wadda kuke ba kaji rigakafin Lasota saboda ita tana kama da wannan ƙwarai. Ka rufe gonar, kada ka sayar da ko ɗaya, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha domin a ɗauki samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato.