Ga mai tambaya kan sabunta bashin gida: ni ma na taɓa ciro kuɗi daga jikin gidana

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau biyu kafin in amsa, domin ta taɓa mini tsohon miki. Ka ce ka sayi gida a Columbus ta jihar Ohio a Amurka ƙarshen 2023, bashin da ke kanka ya kusa dala 300,000 a kan ruwa 7.5 cikin ɗari, ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata a wurin aikinku, ga kuma wani kamfani ya dame ka da waya za su sabunta maka mogej ɗin, wato bashin gidan, a kan 6.25, har su damƙa maka dala 25,000 ka ƙarasa gininka na Kano. Ka karɓa ko ka bari?

Abu biyu suka ƙulle maka a ƙunshi ɗaya don kada ka rarrabe. Rage ruwa daban, ciro kuɗi daga jikin gida daban. Na farkon ka zauna ka yi masa lissafi, na biyun kuwa ina roƙonka kada ka taɓa shi a irin wannan lokaci.

Na sayi gidana na farko a 2005 a gundumar Prince George's da ke Maryland, dab da Washington, a kan dala 290,000. Kafin alƙalamin da na bayar bai taka kara ya karya ba. A lokacin ba a wahalar da mutum, in dai kana numfashi kana da lambar aiki, dillalin bashi zai nemo maka banki. Shekara ta zagayo aka ce gidan ya kai 350,000. Dillalin da ya haɗa mini na farko shi ya sake kirana, ya ce kuɗi na kwance a bangon gidana ina kallo. Ina da gini a Zariya da ya tsaya a linta, ga bikin ƙanwata ya matso. Na sa hannu. Bashi ya koma 320,000, na tura abin da ya shigo hannuna gida, aka yi rufi, aka yi biki, kowa na sa mini albarka.

Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne irin bashin. Ruwansa tsayayye ne na shekara biyu kacal, daga nan sai ya riƙa bin kasuwa har tsawon shekara 28. Na tambayi dillalin, ya ce kada in damu, kafin shekara biyun ta cika za mu sake sabuntawa tunda gida kullum hawa yake. Wannan magana ita ta kai dubban mutane ƙasa. A 2008 ruwana ya tashi daga 7 zuwa 9, biyan wata ya tashi daga 2,130 zuwa wajen 2,550, ban da haraji da inshora. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu da ke sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, bayan mako guda bankin Lehman Brothers ya durƙushe. A wurin aiki aka soke mana obataim, wanda da shi nake cike giɓin.

Na ruga neman sabuntawa kamar yadda aka yi mini alkawari. A watan Disamba na 2008 babban bankin Amurka ya sauke ruwansa kusan zuwa sifili, ruwan mogej ya yi ta sauka, kullum sai ka ji a rediyo ana cewa lokacin sabuntawa ya yi. Mai ƙiyasi ya zo ya zagaya gidana, ya rubuta 205,000. Ana bina fiye da 310,000. Babu bankin da zai ba ka bashin da ya fi ƙarfin jinginar. Ruwa ya yi araha, amma ga wanda albashinsa bai girgiza ba, kiredit ɗinsa, wato tarihin biyan bashinsa, na da kyau, kuma gidansa ya fi bashinsa daraja. Mu da muka fi kowa buƙata mu aka rufe wa ƙofa. A unguwarmu layi ɗaya sai ka ƙirga gida huɗu, biyar da allon gwanjo a ƙofa, kowane gwanjo kuma sai ya ƙara karya kuɗin na maƙwabta.

Gwamnatin Obama ta fito da shirin HARP a 2009 domin irinmu, amma da sharaɗi: sai bashinka yana hannun Fannie Mae ko Freddie Mac. Nawa an daɗe da cuɗa shi da na wasu an sayar wa 'yan zuba jari, ban ma san mai shi ba. Na koma neman sassauci a ƙarƙashin ɗaya shirin, HAMP. Sau uku ina tura takardu, sau uku kamfanin da ke karɓar kuɗin wata yana cewa ba su gani ba ko sun tsufa. Rashin aikin yi a ƙasar ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009, matata na cikin waɗanda aka sallama. A 2011 na sayar da gidan ƙasa da bashin da yardar banki, muka kwashe yara muka koma haya ɗaki biyu. Ko bayan nan ban huta ba. Bashin da aka yafe maka a nan ana iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga a caje ka haraji. Dokar 2007 ta ɗauke wannan ga kuɗin da aka kashe wajen sayen gidan ko gyara shi, amma wanda na tura Zariya bai shiga ciki ba, sai da akanta ya sha fama da takarduna.

Maƙwabcina kuwa, wani dattijo direban bas, a shekara ɗaya muka saya. Ya ba da kashi 20 kafin alƙalami, ya ɗauki ruwa tsayayye na shekara 30, bai ciro ko sisi ba. Gidansa ma ya faɗi, amma biyansa na wata bai motsa ba, don haka faɗuwar ta tsaya a takarda. A 2012 da ruwa ya sauko wajen 3.5 ya samu ya sabunta. Har yau yana cikin gidan.

Mu dawo kan lissafinka. Dala 300,000 a kan 7.5 na shekara 30, biyan wata kusan 2,098 ne, kuma a watan farko 1,875 duk ruwa ne, 223 kawai ke rage uwar kuɗi. A kan 6.25 zai sauko 1,847. Ragin 250 ke nan. Amma sabuntawa ba kyauta ba ce: kuɗin ƙiyasi, na takardun mallaka, la'adar mai bashi, yawanci suna kamawa daga kashi 2 zuwa 5 na bashin. A ce 7,500 aka caje ka. Sai ka yi wata 30 kafin ka fanshe. In ka san za ka zauna a gidan fiye da haka, ya yi. In akwai yiwuwar aiki ya kai ka wani gari nan da shekara biyu, asara ce. Kada kuma a ruɗe ka da cewa babu kuɗin rufewa. Ko dai sun ɗora shi kan uwar kuɗi ko sun ƙara a ruwa. Sannan agogon shekara 30 zai koma farko.

Yanzu ɗora 25,000 ɗin da kuɗin rufewa a kai. Biyan wata ya koma wajen 2,047, wato ragin 250 ya dawo 50, kuma sau da yawa mai ciro kuɗi ruwansa ya fi na wanda bai ciro ba tsada. Ita 25,000 ɗin za ka biya ta fiye da 55,000 kafin shekara 30. Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tazarar da ke tsakanin darajar gidanka da bashinka ita ce garkuwarka. In an sallame ka kuma kasuwa ta yi sanyi, da ita za ka iya sayarwa ka biya banki ka fita da mutuncinka da ɗan canji. Gidan Kano ba zai biya maka mogej a Ohio ba, kuma ko ka sa shi a kasuwa, ka san yadda naira ke narkewa kafin ta zama dala. Na san nauyin da ke kanka, na san yadda waya daga gida take. Gara ginin ya ƙara shekara uku a linta.

In za ka sabunta don rage ruwa kaɗai, yi yanzu tun takardar albashinka na fita, domin ranar da aka ba ka takardar sallama babu mai saurarenka. Kada ka tsaya kan wanda ya kira ka. Nemi wurare uku, doka ta tilasta kowanne ya ba ka takardar ƙiyasin bashi mai shafi uku cikin kwana uku na aiki, ka jera su ka kwatanta layi-layi. Ruwa ya zama tsayayye har ƙarshe. Ko ka sa hannu, in ka koma wani mai bashi ne a kan gidan da kake ciki, kana da kwana uku na janyewa. Ragin 250 ɗin nan kuma kada ya shige cefane, tara shi har ka ga kuɗin wata shida a ajiye.

Batun riba da ka taɓo a ƙarshe, ni ba malami ba ne, ka zauna da malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda ƙasar nan take. Ni dai da na sake saye a 2016 na bi ta tsarin musharaka, inda kai da kamfani kuke tarayya a gidan kana sayen kasonsu a hankali. Kamfanonin Guidance Residential da UIF suna yi, kuma suna karɓar mai son barin mogej na banki ya dawo wurinsu. Sai dai kuɗin watansu ma yana tafiya ne da farashin kasuwa, kuma in ka daina biya gidan na iya salwanta, don haka lissafin da na yi maka a sama yana nan daram.

Idan Allah Ya ƙaddara sallamar ta zo, kira kamfanin mogej ɗinka tun kafin wata ɗaya ya wuce ka, ka nemi su ɗaga maka ƙafa, kuma duk abin da kuka yi ya zama a rubuce. Akwai masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta Amurka, HUD, ta amince da su, kyauta suke taimakawa a kan wannan. Duk wanda ya ce ka fara biyansa kafin ya ceto maka gida, kashe wayarka. A 2010 wani ya karɓe mini 1,500 a haka. In ƙiyasin ukun sun zo, rufe sunanka da adireshinka ka turo mu duba tare, Allah Ya rufa asiri.