Kwamfutata na ta ihun bairos ko bayan an kai ta gyara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wadar Zariya. Mako biyu ke nan kwamfutarmu ta gida tana fito da jan saƙo a gefen allo, wai akwai bairos biyar da manhajar leƙen asiri, in danna a wanke. Kafin nan Windows Security ya taɓa cewa ya kama wani abu mai suna AutoKMS. Na kai ta wajen mai gyara a Sabon Gari, ya kashe Windows Security ɗin, ya sa mini antibairos da ya ce ya fi ƙarfi. Jan saƙon bai daina ba, kuma a kanta nake shiga imel da asusun banki. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumussalam Malama. Jan saƙon ya fi tayar miki da hankali, amma shi ne mai sauƙin. Galibi sanarwa ce daga wani shafi da wani a gidan ya danna wa Allow, ta yi shigar antibairos. Duba ƙasan saƙon, za ki ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi da ba ki sani ba. Kada ki danna, kada ki kira lambar da ke ciki. Gargaɗin Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. A Chrome ki shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ki toshe duk shafin da ba ki gane ba.

Abin da mai gyaran ya yi shi ne ya dame ni. Kusan kullum sai an kawo mini kwamfuta daga Samaru ko Kongo da wannan ciwon, mai ita yana cewa "ai an ce na Windows ba shi da ƙarfi." Wa ya ce? Wanda yake da kirak, wato manhajar sata da aka fasa lasisinta, a filash, yana so ya sa maka ya karɓi kuɗi. Microsoft Defender, wato antibairos ɗin Windows Security da ke cikin Windows 10 da 11, ya wadatar da kwamfutar gida matuƙar yana sabuntawa. Kuma da zarar an sa wani antibairos, Defender ja da baya yake yi ya bar masa aikin. To idan sabon na sata ne, ba ya iya sabunta kansa, kin sallami mai gadi kin zaunar da mutum-mutumi a ƙofa. Tambarinsa kore shar, ciki fanko.

Ki lura da abin da suke fara yi kafin su sa kirak: sai sun kashe Defender. Me ya sa? Don zai kama shi. AutoKMS ɗin nan manhajar kunna Windows ko Office ce ba tare da lasisi ba, kuma ire-irenta da ake kwasowa a intanet su ne jakunan da ɓarayin kalmar sirri ke hawa. Bairos ɗin STOP/Djvu, mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, ta irin waɗannan kirak ɗin ya fi yaɗuwa. Na ga ɗalibar da furojet ɗinta na shekarar ƙarshe ya tafi haka, saura kwanaki ta miƙa. Filash ɗaya zai shiga kwamfuta ashirin a yini, mai shi bai taɓa binciken abin da ke ciki ba, amma shi ne ke ce wa mutane su share gargaɗi. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, don amana aka ba shi.

Ga abin yi yau. Cire kwamfutar daga intanet. Da wayarki, ba da kwamfutar ba, ki canza kalmar sirrin imel tukuna, sannan ta banki da Facebook, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Duba bayanan asusunki. In kin ga fitar kuɗin da ba ki sani ba, ki je reshen bankinki da kanki. Daga nan ki cire antibairos ɗin da aka sa, ki sake kunna kwamfutar, ki haɗa intanet Defender ya sabunta. A Windows Security, ƙarƙashin Virus & threat protection, ki leƙa Exclusions, wato jerin abubuwan da aka hana Defender bincika, don masu kirak kan ɓoye kayansu a can; goge abin da kika tarar. Sai Scan options, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, binciken kamar minti 15 ne, don haka ki tabbata batir a cike yake ko akwai wuta.

In bayan haka gargaɗin Defender yana dawowa, ko ya ƙi kunnuwa sam, ki kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da manhajoji, a sake sa Windows daga shafin Microsoft. Ki tsaya a kan mai gyaran ki ga inda ya ɗauko. In kuma Windows 7 ce a kai, tun Janairun 2020 aka daina sabunta ta, kada ki ƙara shiga banki da ita.